Waiwaye: Zinaren Victoria da Harajin Fam Goma

A watan Yulin 1851 Turawan Ingila suka yanke Victoria daga New South Wales, ta zama yanki na daban a kudancin Ostareliya. Kafin shekarar ta ƙare zinare ya ɓulla a Ballarat da Bendigo. Melbourne, babban birnin Victoria, ta kusa zama kufai. Leburori da 'yan sanda da ma'aikatan ofis, kowa ya ɗauki diga da shebur ya nausa daji. Jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tasha, don masu tuƙa su sun gudu haƙa.

Da labari ya isa Turai da Amurka da ƙasar Sin, sai ga 'yan ci-rani kamar fari. Mutanen Victoria kimanin 77,000 ne a 1851. A 1861 sun haura 500,000. Waɗanda suka rasa masauki suka kafa garin tantuna a bakin kogin Yarra. Arzikin zinare ne ya kawo wa Melbourne jami'a a 1853, da jirgin ƙasa a 1854.

Gwamnati ta ce ita ma sai ta ci. Duk mai haƙa zai biya sule 30 a wata, ya samu ko bai samu ba, 'yan sanda kuma suna bin ramuka suna neman takardar shaidar biya. Tura ta kai bango a Eureka, kusa da Ballarat, inda sojoji suka afka wa masu haƙan da suka yi tawaye ranar 3 ga Disamba 1854, aka kashe fiye da ashirin. A 1855 aka mayar da kuɗin fam ɗaya a shekara.

To, a wannan shekarar dai da aka sassauta wa Bature, aka ɗora wa kowane Basine da ya sauka a tashar Victoria fam goma. Nan zancen yake, a ganina. Don kauce wa harajin, Sinawa suka koma sauka a Robe, cikin yankin South Australia mai maƙwabtaka da Victoria, su taka sama da kilomita 400 a ƙasa, kaya rataye a sandar gora bisa kafaɗa. Isowa ma ba hutu ba ce: a 1857 Turawa masu haƙa suka fatattake su daga mahaƙar zinare ta Buckland, suka ƙone musu tantuna.

Wannan ƙyamar ce ta girma ta zama doka a 1901, da yankunan Ostareliya suka haɗe ƙasa ɗaya. Jami'in shige da fice yana iya karanta wa baƙo kalmomi 50 a duk harshen Turai da ya ga dama, ya ce ya rubuta. Wanda ya kasa, sai komawa jirgi. Sai a 1958 aka soke wannan jarrabawa.