Maki ko Tsabar Kuɗi: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran da Katin Bashi ke Yi wa Ɗan Kasuwa

A kasuwa, idan mutum ya auni hatsi mai yawa, mai awo yakan ƙara masa tafi ɗaya ko biyu, a ce an yi masa gyara. Bankunan Amurka ma suna yi wa masu katin bashi irin wannan gyara, kuma suna yin ta ne ta hanya biyu: ko dai su mayar wa mutum wani kaso na abin da ya kashe a matsayin tsabar kuɗi, ko kuma su rubuta masa maki da zai tara ya musanya da tikitin jirgi ko ɗakin otal. Ga mai kasuwancin da ke kashe dubban daloli a kowane wata, zaɓi tsakanin waɗannan biyu ba ƙaramin al'amari ba ne.

Tambaya: Daga ina bankin ke samo kuɗin da yake yin wannan gyara?

Amsa: Mafi yawansa daga aljihun mai sayarwa yake fitowa. Duk lokacin da aka biya da katin bashi a Amurka, ana cire wa mai shago la'ada, wadda yawanci takan kama daga kashi 1.5 zuwa kashi 3.5 cikin ɗari na cinikin, kuma kaso mafi tsoka na wannan la'ada yana tafiya ne ga bankin da ya ba da katin. Daga nan bankin ke gutsuro wani abu ya ba mai katin domin ya ci gaba da amfani da shi. Sauran yana fitowa daga kuɗin ruwan da masu jinkirin biya ke zubawa da kuma kuɗin shekara na katin.

Wannan ne ya sa gyaran ta fi kauri a Amurka. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2015 wadda ta ƙayyade kason banki a katin bashi na ɗaiɗaikun mutane a kan kashi 0.3 cikin ɗari, saboda haka bankunan can ba su da abin rabo mai yawa, duk da cewa dokar ba ta shafi katunan kamfanoni ba. A Amurka kuwa, ƙayyadewar da aka yi a dokar 2010 ta tsaya ne a kan katin cirar kuɗi, ba ta taɓa katin bashi ba. Katin Discover da kamfanin Sears ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1980 ne ya shahara da mayar da tsabar kuɗi, tsarin maki kuma ya samo asali daga kamfanonin jiragen sama, musamman shirin AAdvantage na American Airlines da aka fara a 1981, kafin American Express ya kafa nasa a 1991.

Tambaya: Mene ne ainihin bambancin da ke tsakaninsu?

Amsa: Tsabar kuɗi darajarta a bayyane take. Idan katin ya ce kashi 2 cikin ɗari, wanda ya kashe dala 10,000 zai samu dala 200, kuma dala 200 ɗin nan za ta biya haya ko ta sayi kaya kamar kowace dala. Maki kuwa kuɗi ne da bankin ya buga da kansa, shi ke yanke masa daraja, shi kuma ke da ikon sauya ta. Makin bankin Chase, alal misali, ana iya mayar da shi kuɗi a kan senti ɗaya kowane maki, amma makin American Express idan aka yi amfani da shi wajen rage bashin katin, kusan senti 0.6 kawai yake bayarwa, alhali shi wannan makin zai iya wuce senti ɗaya nesa ba kusa ba idan aka tura shi zuwa kamfanin jirgin sama aka dace da kujera mai sauƙi. Ke nan mutum biyu za su iya tara maki iri ɗaya, adadi ɗaya, ɗaya ya ci ninki biyu ko uku na abin da ɗayan ya ci.

Tambaya: Yaya ɗan kasuwa zai lissafa wanda ya fi masa riba?

Amsa: A nan ya kamata a zauna da biro da takarda, domin tallan bankuna yana nuna adadi mafi girma ne kawai. Mu ɗauki misalin mai shago da ke sayar da kaya ta intanet, wanda ke kashe dala 100,000 a shekara: dala 30,000 wajen aika kaya ga masu saye, dala 20,000 wajen talla a Facebook da Google, sauran dala 50,000 kuma wajen saro kaya. Katin da ke mayar da kashi 2 cikin ɗari a kan komai zai ba shi dala 2,000. Kati irin Ink Business Preferred na Chase, wanda aka san shi da maki uku a kan kowace dala ta aika kaya, talla, tafiye-tafiye da kuɗin waya da intanet har zuwa dala 150,000 a shekara, da maki ɗaya a kan sauran, zai ba shi maki 150,000 daga rabin farko da maki 50,000 daga rabi na biyu, jimilla 200,000. Idan ya mayar da su kuɗi a kan senti ɗaya, ya samu dala 2,000, a cire kuɗin shekara dala 95, ya rage 1,905, wato sun yi kusan kunnen doki. Idan kuwa ya iya kashe makin a kan tikiti har kowanne ya kai senti ɗaya da rabi, ya samu abin da ya kai dala 3,000, maki ya yi nasara.

Yanzu a sauya hoton kaɗan. A ce mutumin nan ba ya talla, ba ya aika kaya, duk dala 100,000 ɗin a saro kaya take tafiya. Wannan katin zai ba shi maki 100,000 ne kawai, kuma sai kowane maki ya kai senti biyu kafin ya kamo katin tsabar kuɗi, abin da ba kullum ake samu ba. Saboda haka tambayar farko ba wane kati ya fi kyau ba ce, tambayar ita ce ina kuɗin kasuwancin ke tafiya. Wanda ya buɗe bayanan bankinsa na wata goma sha biyu ya rarraba kashe-kashensa gida-gida, ya riga ya yi rabin aikin. Haka kuma a lura da iyaka: katin Blue Business Cash na American Express yana ba da kashi 2 ne har zuwa dala 50,000 a shekara, daga nan ya sauko zuwa kashi ɗaya, kuma kashi 5 na katin Ink Business Cash na Chase a kan kayan ofis da waya yana tsayawa ne a dala 25,000 ta farko. Bankuna suna sauya waɗannan sharuɗɗa lokaci zuwa lokaci, don haka sai an karanta takardar katin ta ranar da za a nema.

Tambaya: Ana yawan jin wani ya ce makinsa ya kai senti biyar ko shida. Shin gaskiya ne?

Amsa: A lissafi gaskiya ne, amma a aljihu sau da yawa ba haka ba ne. Yadda ake fitar da darajar maki shi ne a ɗauki farashin tikitin, a cire harajin da dole mutum ya biya da kuɗi ko da ya yi amfani da maki, sannan a raba da adadin makin. Tikitin dala 1,200 da aka samu da maki 80,000 tare da harajin dala 200 ya ba da senti 1.25 a kowane maki. To, idan mutum ya ba da maki 120,000 ya zauna a kujerar manya wadda farashinta dala 6,000 ne, lissafi zai nuna senti biyar. Sai dai ya kamata ya tambayi kansa da gaskiya: da babu maki, zai fitar da dala 6,000 ya sayi wannan kujera? Idan amsar ita ce da kujerar dala 1,200 zai saya, to abin da kasuwancinsa ya tsira da shi dala 1,200 ne, wato senti ɗaya, sauran kuwa jin daɗi ne. Jin daɗi ba laifi ba ne, kuma wanda ya yi awa goma sha huɗu a hanya ya san darajar kujerar da ake miƙewa a kanta, amma bai kamata a rubuta shi a littafin riba ba.

Akwai kuma lokacin da ake ɓatawa. Kujerun maki masu sauƙi ƙalilan ne, sukan bukaci a nema tun watanni kafin tafiya, kuma a yarda da ranar da aka samu. Ɗan kasuwar da dole ya isa baje kolin kaya a rana kaza, ko aka kira shi ya tashi gobe, ba safai yake cin wannan garaɓasa ba.

Tambaya: Akwai haɗari a tara maki a ajiye?

Amsa: Akwai, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin tsabar kuɗi ta fi dacewa da mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa. Maki ba ya haihuwa, ba a juya shi a saro kaya, kuma darajarsa ta fi karkata ga raguwa. Kamfanin jirgin sama na Delta ya janye jadawalin farashin makinsa a 2015, United ya bi sahu a 2019, ta yadda adadin makin da tikiti ke ci yana hawa da sauka yadda kamfanin ya ga dama. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta fitar da rahoto a 2024 kan koke-koken masu kati, kuma rage darajar maki da ƙwace shi suna cikin abubuwan da aka fi kuka da su. Idan aka rufe asusun mutum, ko shi ya rufe da kansa ba tare da ya kwashe makin ba, yana iya rasa su baki ɗaya. Ƙari a kan haka, dokar 2009 da ta ba masu katin bashi kariya daga ƙarin kuɗin ruwa ba zato ba tsammani ba ta shafi katunan kasuwanci ba, kuma galibin waɗannan katuna suna bukatar mai kasuwancin ya tsaya wa bashin da kansa, ta yadda idan kamfanin ya gaza, shi za a bi.

Tambaya: Yaya batun haraji yake?

Amsa: Hukumar harajin Amurka tana ɗaukar gyaran da aka samu ta hanyar saye a matsayin ragin farashi, ba kuɗin shiga ba. Amma ga kasuwanci wannan yana da wani sakamako: idan aka sayi kayan dala 1,000 aka samu dala 20 ta dawo, abin da aka kashe a zahiri dala 980 ne, kuma shi ya kamata a cire daga riba. Haka nan wanda ya yi tafiyar kasuwanci da maki ba zai rubuta kuɗin tikitin da bai biya ba a cikin kashe-kashensa. Wannan wuri ne da ya cancanci a zauna da akanta. Idan kuma kasuwancin na haɗin gwiwa ne, ya kamata abokan tarayya su yi magana a fili tun farko kan wanda zai ci makin, domin kuɗin kowa ne ya haifar da shi, kuma tsabar kuɗi ta fi sauƙin shiga littafi a raba ta bisa adalci.

Tambaya: A wane hali gyaran ke zama asara?

Amsa: Hali na farko shi ne barin bashi ya kwana. Matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara a 2023 da 2024, wato kusan kashi 1.75 a wata, saboda haka jinkirin wata guda ya isa ya cinye kusan duk gyaran kashi 2, wata na biyu kuma daga uwar kuɗi za a fara ci. Hali na biyu shi ne dillalin da ke ƙara kuɗi ga mai biya da kati, abin da kamfanin katin Visa ya ƙayyade a kan kashi 3 cikin ɗari tun 2023: wanda ya biya ƙarin kashi 3 don ya samu kashi 2 ya yi cinikin biri a sama. Haka yake ga katunan da ke cire kusan kashi 3 a kan sayayyar ƙasashen waje, abin da ya shafi mai saro kaya daga Dubai ko Sin kai tsaye. Hali na uku shi ne kuɗin shekara. Katin Business Platinum na American Express ya tashi daga dala 695 zuwa 895 a 2025, kuma ba ya biyan kansa sai ga wanda ke yawan tafiya yana amfani da ɗakunan hutawa na filin jirgi da sauran rangwamen da ke tare da shi. Akwai kuma kyautar maraba, wadda ake ba wanda ya kashe wani adadi cikin watanni uku na farko. Tana da amfani idan dama za a yi wannan sayayya, amma ta sha jan mutane su sayi abin da ba su bukata.

Tambaya: Musulmin da ke gudun riba fa, ina matsayinsa?

Amsa: Wannan tambaya tana gaba da zaɓin maki ko kuɗi, domin ta shafi katin ne kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Riyad a shekarar 2000 cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi ya cika. Wasu malamai, musamman masu ba da fatawa ga mazauna ƙasashen Yamma, sun sassauta ga wanda ke da bukata kuma yake biyan bashinsa cif a kowane wata. Akwai kuma katunan da tsarinsu shi ne a biya duka a ƙarshen wata, da katunan bankunan Musulunci a ƙasashen Larabawa da Malesiya. Wanda abin ya shafa ya kai wa malamin da ya amince da iliminsa takardar sharuɗɗan katin, domin hukuncin yana rataye ne da abin da aka rubuta a cikinta.

Tambaya: To wa ya dace ya zaɓi maki, wa kuma ya dace ya tsaya a tsabar kuɗi?

Amsa: Maki ya dace da wanda ke hawa jirgi sau da yawa a shekara, wanda manyan kashe-kashensa suka faɗa cikin gidajen da ake ninka maki, wanda ke iya tsara tafiya tun da wuri, kuma yake kashe makin cikin shekara ɗaya ko biyu maimakon ya tara shi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ratar tana raguwa da sauri. Mai gidan abinci, mai gyaran mota, ko mai shagon da jarinsa ke juyawa kowane mako, ya fi amfana da kati marar kuɗin shekara ko mai ɗan kaɗan, wanda ke mayar da kashi 1.5 zuwa 2 a kan komai. Wasu kan riƙe kati biyu, na maki don talla da aika kaya da tafiya, na tsabar kuɗi don sauran sayayya, kuma hakan yana aiki matuƙar akwai mai kula da ranakun biyan kowanne da kuma katunan da aka ba ma'aikata.