Menene altimita, kuma ya ake gane tsawo da matsin iska?

Wai ya matuƙin jirgin sama yake sanin nisan da ya yi sama alhali ba igiya ya zura ƙasa ba? Altimita ce ke gaya masa. Ita kuma ba tsawon take aunawa kai tsaye ba, nauyin iskar da ke samanta take ji, sai ta maida shi mita ko ƙafa.

Eh, iska tana da nauyi. Kamar buhunan hatsi ne da aka jibga a sito, na ƙasa shi ke shan danniya, na can sama babu abin da ke kansa. A bakin teku matsin iska yana kai wajen hectopascal 1013 (hectopascal ma'aunin matsi ne), kana hawa yana raguwa, kusan 1 a duk mita 8. Shi ya sa in mota tana Hawan Kibo za ka ji kunnenka ya toshe sai ka haɗiye miyau ya buɗe, ai Jos ta haura mita 1,200.

Lissafin da ɗaliban injiniya ke yi ba wani abin tsoro ba ne: bambancin matsi daidai yake da nauyin iska a kowace mita kubik, sau ƙarfin jan ƙasa, sau tsawo. Iska kilo 1.2 ce a mita kubik, jan ƙasa 9.8, to in ka auna a gindin dutse ka auna a samansa ka ga bambancin hectopascal 12, wato pascal 1,200, raba shi da 11.8 kawai (wato 1.2 sau 9.8), dutsen nan ya kai mita 100 kenan. Tun 1648 aka gwada abin a Faransa, masanin kimiyya Pascal ya sa mijin yayarsa Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da bututun zaiba mai auna matsin iska, zaibar ta sauka da wajen inci 3.

Amma fa wannan lissafin na gajeren hawa ne. Ruwa ba ya matsuwa, duk mita 10 da ka nutse ƙarin matsin iri ɗaya ne, ita kuwa iska tana sirancewa in aka yi sama, a mita 5,500 rabin matsin ya tafi, don haka dole a sake dabara a sa har da zafi da sanyi a ciki.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne yanayi. Wayoyi da yawa yanzu suna da wannan na'urar auna tsawo ta matsin iska, ka ajiye taka a ɗaki hadari ya taso sai ta nuna ka hau mita 20 alhali kana kan tabarma. Matuƙa ba sa wasa da wannan, kafin tashi da sauka sai hasumiyar filin jirgi ta ba su matsin wurin na lokacin, QNH suke ce masa, su saita. In sun lula can sama kuma kowa ya maida tasa kan 1013, ko da akwai kuskure to kuskuren kowa ɗaya ne, jirage ba za su yi karo ba.