Wai mene ne CBT ɗin nan da ake ta faɗa a ɗaukar aikin gwamnati?

Shekaran jiya da daddare ƙanwata ta kira ni muryarta har rawa take, wai "Yaya sunana ya fito, sun ce in shirya CBT, to ni yanzu me zan karanta?" Yarinyar nan ta gama digiri, ta yi bautar ƙasa, shekara biyu tana zaune a gida tana cike fom duk inda ta ji an buɗe, amma da abin ya zo sai ta rikice. Kuma na san ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na ce bari in zauna in warware kalmar nan yadda na fahimce ta.

CBT haruffan farko ne na kalmomin Turanci uku, Computer Based Test, wato jarrabawar da ake yi a kwamfuta maimakon takarda da biro. Shi ke nan ma'anarta. Ba sunan wani darasi ba ne, hanyar yin jarrabawar ce kawai. Za ka zauna gaban kwamfuta ka shigar da lambarka, tambaya ta fito a allo da amsoshi huɗu A, B, C, D, ka zaɓi ɗaya ka wuce ta gaba, agogo kuma yana can a gefe yana ƙirga lokaci yana raguwa, yana kaiwa sifili kwamfutar za ta rufe ta miƙa abin da ka yi ko ka gama ko ba ka gama ba. Babu wani malami da za ka ce wa don Allah a ƙara min minti biyu, kuma na'ura ce ke yin makin ba mutum ba.

Mu dai a Najeriya hukumar JAMB ce ta sa kalmar ta shiga bakin kowa, ta fara gwada tsarin a 2013, zuwa 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya. Daga nan cibiyoyin CBT suka bazu a garuruwa, hukumomin gwamnati ma suka ga ai ga hanya, har ɗaukar 'yan sanda na 2018 JAMB ɗin ce ta shirya musu jarrabawar. Amma wanda yake da wayo a 2014 ba zai manta abin da ya faru ranar 15 ga Maris ba, ranar da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa a faɗin ƙasar nan domin rubuta jarrabawa. Sama da mutum 500,000 ne suka nema, gurbin bai kai 5,000 ba, kowa kuma sai da ya biya naira 1,000 kafin ya cike fom. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasu, matasa ne masu takardu da suka fito neman halak ɗinsu, Allah ya jiƙansu. Duk lokacin da na ji wani yana tsinewa CBT sai ranar nan ta faɗo min, don ko ba komai yanzu ana raba mutane rukuni-rukuni, kowa da ranarsa da sa'arsa da cibiyarsa, ba a cusa dubban mutane ta ƙofa ɗaya.

Yawan masu nema kuwa bai ragu ba. A ɗaukar da kwastan ta buɗe ta 2025 gurbi 3,927 ne, waɗanda suka cike sun haura 500,000, kun ga kenan kujera ɗaya mutum sama da 100 ne ke kallonta. To a nan ya kamata mutum ya gane aikin CBT, rariya ce. An kawo ta ne don ta zubar da mafi yawa a bar kaɗan da za a iya tantancewa ido da ido. Fitowar sunanka a jerin farko ba samun aiki ba ne, cin CBT ɗin ma ba samun aiki ba ne, bayanta akwai tantance takardu, in aikin ɗamara ne akwai awon tsayi da ƙirji da gwajin lafiya, wani wurin har da intabiyu, sannan a fitar da sunayen ƙarshe.

Sai tambayar ƙanwata, me za a karanta. Yawancin masu digiri a nan suke yin kuskure, wanda ya karanta tarihi ya koma kan littattafan tarihi, mai kimiyyar sinadarai ya kwaso handawut ɗinsa na aji huɗu, alhali galibin jarrabawar nan gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ce ta bai-ɗaya, sai dai in gurbin na ƙwararru ne kamar likita ko injiniya ko lauya shi ne za a iya sako tambayoyin fanni. Abin da ka fi cin karo da shi Turanci ne, da lissafi, da tambayoyin tunani, da al'amuran yau da kullum. Lissafin ma ba mai zurfi ba ne, na sakandare ne wanda muka watsar tun da daɗewa. A ce riga naira 8,000 ce an rage kashi 15 cikin ɗari, nawa za ka biya? 6,800. Ko a jero 2, 6, 12, 20 a ce me ke biye, ka lura tazarar tana tafiya 4, 6, 8, saura 10, amsa 30. Wallahi in an ba ka minti biyar kana zaune a tsakar gida za ka ci, matsalar ita ce a ce tambaya 60 ce a minti 30, kowace tambaya daƙiƙa 30 ke nan har da karanta ta, kuma da Turanci za ka karanta. Mu faɗa wa kanmu gaskiya da yawanmu a Arewa muna jin Turancin amma karatunmu a hankali yake, sai mun maimaita jimla sau biyu mun juya ta da Hausa a zuci kafin mu kama, kuma wannan juyawar ita ke cinye lokacin. Maganinsa karatu ne kullum, ka samu jarida ko wani rubutu ka karanta sakin layi uku ka rufe ka faɗi abin da aka ce, kana yi kana duba agogo.

Ɓangaren al'amuran yau da kullum kuwa maki ne na kyauta ga wanda ya ba shi lokaci. Jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, haɗe Kudu da Arewa a 1914, 'yancin kai 1960, zama jamhuriya 1963, Gowon ya yi jihohi 12 a 1967, Murtala ya mai da su 19 a 1976, aka dawo da babban birni Abuja a 1991, Abacha ya cika su 36 a 1996. Waɗannan ba sa canzawa. Amma a yi hattara da tsofaffin tambayoyin nan da ake sayarwa a bakin titi ko ake turawa a guruf-guruf na WhatsApp, suna da amfani wajen sanin salon tambaya amma amsoshin wasunsu sun tsufa. An canza taken ƙasa a 2024 an koma tsohon, hukumar gidajen yari an sauya mata suna tun 2019 ta koma ta gyaran hali, ministoci da shugabannin hukumomi kuwa kullum cikin sauyawa suke. Ita hukumar da kake neman shiga ka san ta ciki da bai, yaushe aka kafa ta, wace ma'aikata take ƙarƙashi, wa ke shugabantarta yanzu, mene ne aikinta. Abin takaici ne mutum yana son sa kakin wuri bai san sunan shugaban wurin ba.

Yanzu ga inda na fi damuwa, ita kanta kwamfutar. Yaranmu sun ƙware a waya, amma wani rabonsa da taɓa linzamin kwamfuta tun ranar JAMB shekara shida ko bakwai da suka wuce, furojet ɗinsa ma a shagon kafe aka buga masa. Na san wani yaron unguwarmu mai ƙoƙari sosai, ya shiga ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa, minti biyar na farko suka tafi wajen shigar da lamba da neman inda zai danna, can kuma garin komawa tambayar baya ya danna wurin miƙawa ya tabbatar bai karanta abin da allon ya tambaye shi ba, jarrabawar ta rufe ko rabi bai yi ba. Ya fito yana hawaye, kuma ilimi bai gaza masa ba. A cibiyoyin da ke bin tsarin JAMB ma ba sai da linzami ba, haruffan kibod kawai za ka danna, A zuwa D na amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa, amma ba kowace hukuma ke bin wannan ba don haka karanta umarnin da ke allon farko kafin ka taɓa komai, a nan ne ma za ka ga ko ana rage maki in mutum ya yi kuskure. In ba a ragewa kar ka bar tambaya ko ɗaya fanko, wadda ta yi tauri tsallake ta ka dawo daga baya.

Don Allah wanda ba shi da kwamfuta ya cire kuɗin data na kwana biyu ya je kafe ko cibiyar CBT ta kusa ya biya awa ɗaya ya yi gwaji da agogo a kunne, ya yi haka ko sau huɗu ne kafin ranar. Ya fi masa haddace shafi 200.

Akwai kuma sabon salo da ya shigo, CBT ta intanet wadda za ka yi daga inda kake. Kwastan sun yi irinta, suka ce sai da kwamfuta mai kyamara, ban da waya, kyamarar tana kallon fuskarka, in kana yawan waige-waige ko ana surutu kusa da kai ko ka fita daga shafin ka buɗe wani tana iya fitar da kai. Mai irin wannan sai ya tanadi wuri shiru mai haske, cajin laftof a cike, layi biyu na kamfani daban-daban saboda sabis, a kuma gaya wa mutanen gida kar kowa ya shigo. Ɗan ƙauye da sabis ɗin garinsu sai an hau tudu ina tausaya masa ƙwarai a wannan tsari, gara ya shigo birni tun ana gobe.

Ba zan ce CBT ta kashe san kai da alfarma ba, kowa ya san ana kuka da hakan har gobe. Amma akwai tsarin raba daidai da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 14(3), da hukumar da ke sa ido a kansa, guraben aikin tarayya ana karkasa su ne tsakanin jihohi da Abuja, shi ya sa ake neman takardar shaidar ƙaramar hukuma. In 'ya'yan jiha ba su cike ba ko sun cike ba su je jarrabawar ba saboda an ce musu ai an gama rabawa, sun sauƙaƙa wa mai son cusa nasa. Wanda kuma ya kira ka ya ce yana da silot, wato gurbin aiki, ko zai ɗaga maka maki ka turo dubu ɗari biyu, ɗan damfara ne, hukumomin nan da kansu suna ta nanata cewa neman aikin kyauta ne, sanarwa kuma a shafinsu da ke ƙarewa da gov.ng ake duba ta.

Ita dai ƙanwata na ce ta buga silif ɗinta kwafi biyu, ta haɗa da katin NIN, ta duba sunanta da ranar haihuwarta sun yi daidai da na satifiket, ana gobe kuma mu je tare mu gano inda cibiyar take don kar a tashi da safe ana tambayar 'yan adaidaita hanya. Laftof ɗina yana wurinta tun jiya, ɗazu ta turo min saƙo wai ta yi tambaya 40 a minti 25 ta ci 27, na ce gobe ta sake wasu 40 ɗin ta saita agogo a minti 20.