"An ce za a sa mini ƙarfe a baya"

Wani dattijo manomin shinkafa daga fadamar Argungu ya shigo ɗakin shan maganinmu, jikansa na riƙe da shi, takardar asibiti a naɗe cikin leda. Wata huɗu ke nan da aka ba shi ita a Sakkwato. Na ce, "Baba, me ya hana ku komawa?" Ya ce, "Ɗana, ƙarfe suka ce za su sa mini a gadon baya, wai har buɗewa yake yi a ciki. Ni mota ce?" A cikin wata huɗun nan an yi masa ƙaho, an yi sakiya, ga tabon wuta nan jere a bayansa, ƙafar hagu kuwa ta fara ja da ƙasa.

Zancen motar ya ba ni dariya, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne har 33, biyar na ƙugu su ne jakan gida, su ke ɗaukar nauyi. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai guringuntsi mai taushi kamar gammo. In gammon ya lotse, ko gaɓa ta goce, ko ciwo ya cinye ƙashin, sai jijiyoyin da ke sauka ƙafa su matse. Wani lokaci mafita ita ce tiyata: a cire abin da ya lalace, a sa wani ɗan keji a gurbinsa, a cika shi da ɓarɓashin ƙashi, sau da yawa na majiyyacin ne, a ɗaure da sukurori da sanduna, har gaɓoɓin su haɗe su zama ƙashi ɗaya.

Kejin da ya tsorata Baba shi ne mai buɗewa. A tsuke ake shigar da shi ta ƙaramar kafa, likita ya riƙa murɗa shi sannu a hankali yana kallon hoto, yana ɗagawa kamar jak, har ya kai tsayin da ake so, sannan ya kulle. Daga nan ba ya ƙara motsi. Amfaninsa shi ne ba sai an ja jijiyoyi da yawa ba kafin ya shige. Galibi da taitaniyam ake yin sa, ba ya tsatsa. Sai dai ya fi wanda ba ya buɗewa tsada, kuma in ƙashi ya yi laushi kowannensu na iya nutsewa. Don haka ba laifi ba ne ku tambayi likita dalilin zaɓensa, da ko mai sauƙin kuɗin zai wadatar.

Aikin kansa tsoho ne. A 1911 likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, Fred Albee da Russell Hibbs, suka fara haɗe ƙashin baya, kuma saboda tarin fuka suka yi. Wannan ciwon har gobe yana nan tare da mu. Ƙwayar cutar kan bar huhu ta sauka ƙashin baya, mutum ko tari ba ya yi. Ciwon baya da ba ya lafawa ko an kwanta, zufar dare, rama, sai wani ƙullutu ya fito a tsakiyar baya ya zama doro. A ƙauye sai a ce jifa ne ko iska. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shan sa kusan shekara, kuma yawancin waɗanda suka zo da wuri ba sa kaiwa ga wuƙa.

Haka ma ciwon bayan da duƙen dashe da ɗaukar buhu ke kawowa, akasarinsa ba ruwansa da ƙarfe. Wanda ba a kwana da shi a gida shi ne mai zuwa da mutuwar ƙafa, ko dindiris a tsakanin cinyoyi, ko riƙewar fitsari, ko kuɓucewar fitsari da bayan gida. Wannan a nufi babban asibiti a Birnin Kebbi ranar, su za su tura asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano in da bukata. Wanda kabu-kabu ya kayar kuwa yana kukan baya ko wuya, kada a naɗe shi a bayan mota, a kwantar da shi miƙe a kan ƙyaure ko katako. Mai ɗori ya iya hannu da ƙafa, amma laka ba ta ɗoruwa.

Abin da na fi nanata wa Baba shi ne ƙarfen tokara ne kawai, ƙashinsa ne zai yi ginin, kuma yakan ɗauki wata uku zuwa shida, wani har shekara. Taba tana hana ƙashi haɗewa, sai a ajiye ta. Ba ɗaukar buhu, ba fartanya, salla ma a zaune har likita ya sallame shi.

Ya yi shiru, sannan ya ce wa jikan ya duba ranar da motar Sakkwato ke tashi da sassafe. Na sabunta masa takardar, na rubuta a samanta cewa ƙafar hagu ta fara rauni tun wata biyu.