Rigakafi ba sunan allura ba ne

Kwanan nan duk gidan rediyon da ka murɗo a Tawa, in ana zancen baƙi masu zuwa kallon kokowa ko bukukuwan makiyaya, sai ka ji wani babba ya ce "an kammala rigakafi". Ka saurara da kyau, allura yake nufi. Har yara yanzu in an ce masu rigakafi sun shigo unguwa sai su ruga su ɓuya.

Kalmar biyu ce aka haɗa: riga da kafi. Kafi shi ne shingen itatuwa da mutanen zamanin da suke kafawa kewaye da gari saboda mahara. Akwai kuma kafin da ake binnewa a ƙofar gari ko a kusurwar gida, wannan na bar wa malamai. Riga kuwa ka gabaci abu. Wato ka kafe garinka kafin maharin ya iso. Kafi kuma ba a taɓa aiko shi daga Yamai cikin akwatin ƙanƙara ba. Sarki ke sa a yi shela, kowane gida ya kawo icce, samari su gina rami. In gida ɗaya ya yi lalaci, ta nan za a shigo wa kowa.

Allura icce ɗaya ce cikin shingen, mai ƙarfi kuwa. Baƙon da zai shigo Nijar ana neman katinsa na allurar shawara, maniyyaci kuma ba ya tafiya sai da ta sanƙarau.

To amma a tuna 2016. A watan Agusta zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan, ya kashe fiye da mutum 20, galibi makiyaya, ga bikin lasar gishiri na Ingal yana ƙaratowa, inda garkuna da baƙi ke haɗuwa daga ko'ina a watan Satumba. Cutar nan ba ta da allurar da ake yi wa jama'a. Sauro ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, mutum kuma ya fi ɗaukar ta wajen yanka, ko taɓa ɗan da akuya ta yi ɓarinsa, ko shan madarar da ba a tafasa ba. Wa zai gaya wa Ba'abzine ya tafasa nonon raƙuma kafin ya miƙa wa baƙonsa, ya ji? Ba mai farar riga ba. Sai shugaban ruga, sai sarkin fawa, sai tsohuwar da ke tatsa.

Shi ya sa "an kammala" ɗin nan ke ci mini rai. Mai masauki da ya ɗaura wa baƙo gidan sauro, da mai tuwo-tuwo a bakin filin kokowa da ta aje buta da sabulu, ba a sa su cikin rahoto, kuma gobe da safe sai sun sake.