Ƙafar Saniya Daga Gwiwa Zuwa Kofato: Tambayoyi da Amsoshi

A Sakkwato, idan sa ya fara ɗingishi, da yawa daga masu kiwo kafaɗa ko ƙugu suke fara zargi, wasu har su yi wa dabbar lalas a wurin. Alhali binciken likitocin dabbobi ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ɗingishin shanu daga kofato yake tasowa. Sanin ƙirar wannan wuri shi zai hana a ƙona lafiyayyar kafaɗa a bar ciwo a ƙasa.

Me ke cikin ƙafar saniya daga gwiwa zuwa ƙasa?

Abin da muke kira gwiwa a ƙafar gaba, a ƙirar jiki daidai yake da wuyan hannun mutum. Gaɓar ƙafar baya kuwa, inda agara ta kama, ita ce daidai da idon sawu. Ke nan a kan yatsu saniya take tafiya. Ƙasa da gwiwa akwai dogon ƙashin ƙwauri, wanda asalinsa ƙasusuwa biyu ne suka haɗe. Duk wanda ya taɓa cin farfesun ƙafar sa ya ga tsagin da ya bi tsawon ƙashin, da yadda ƙarshensa ya rabu kai biyu. Kowane kai yana ɗauke da yatsa guda, kowane yatsa yana da ƙashi 3, na ƙarshen yana ɓoye cikin kofato. Jijiyoyi masu ƙarfi suna saukowa ta gaba da ta baya: na gaba suna miƙe yatsun, na baya suna lanƙwasa su.

Ƙananan kofatai biyu na baya fa?

Ragowar yatsu ne, ba sa ɗaukar nauyi a kan ƙasa mai tauri.

Kofato yana da rai, ko kamar takalmi yake?

Nan ne aka fi yin kuskure. Ɓawon waje ba shi da jini ko jijiyar jin zafi, amma dab da shi a ciki akwai jan nama mai cike da jini, shi ke ƙera ɓawon, shi ke manne shi da ƙashi. Bangon kofato yana tsirowa daga layin da gashi ya ƙare, yana saukowa kimanin milimita 5 a wata. A manyan shanun madara na Turai tsawon bangon gaba yakan kai santimita 7.5, don haka sai ya haura shekara kafin ya sabunta gaba ɗaya. Wannan yana da amfani ga mai saye a Kasuwar Kara ko Achida: zobe mai zurfi da ya kewaye dukkan kofatai a wuri ɗaya yana nuna dabbar ta sha zazzaɓi mai tsanani ko yunwa, kuma nisan zoben daga layin gashi yana nuna watannin da suka wuce.

Tafin kofato kuwa bai da kauri sosai, 'yan milimitoci ne tsakanin ƙasa da nama mai rai. Inda tafi ya haɗu da bango akwai farin layi, shi ne wuri mafi rauni, nan tsakuwa da ƙaya suke kutsawa su tara ruwa. A ƙarƙashin dunduniya akwai matashin kitse da ke shanye nauyin taku. Saniyar da ta rame a bazara wannan kitsen ma yana raguwa, sai ƙashi ya riƙa danne nama. Ni a ganina, ciyarwar rani rabin maganin ƙafa ce.

Me ya sa ƙafar baya ta fi kamuwa?

Ƙafafun gaba sun fi ɗaukar nauyi, amma tsoka ce ta haɗa su da gangar jiki, tana sassauta bugun ƙasa. Na baya ƙashi da ƙashi suka haɗu a ƙugu, ga shi saniya tana rangaji idan tana tafiya, sai nauyin ya riƙa faɗawa kan kofaton waje. Shi ya sa ya fi girma, ya fi yin gyambo. A ƙafar gaba kuwa na ciki ne ya fi shan wahala.

Yanayin Sakkwato yana shafar kofato?

Ƙwarai. Shanu irin Bokoloji ko Rahaji da ke yawon kiwo a kan yashi, tafiyar ce ke goge musu kofato daidai da tsirowarsa. Da rani ɓawon yakan bushe har ya tsage. Da damina kuma, musamman a fadamun gulbin Rima da garken da ba a kwashe kashi, laima tana tausasa shi, fatar tsakanin yatsu ta jiƙe ta tsage, ƙwayoyin cuta su shiga. Alamar ruɓewar ƙafa ke nan: kumburi a sama da kofato ta kowane ɓangare, yatsun su buɗe, ga wari.

Ragon layya da san turke matsalarsu daban. Ba sa tafiya, kofato yana tsawo har ya lanƙwashe, nauyi ya koma kan dunduniya. Idan kuma aka ɗura musu hatsi da dusa kwatsam ba tare da isasshiyar harawa ba, tumbi yakan yi tsami, abin ya sauka har naman cikin kofato.

Yaya ake dubawa, kuma ana iya datsewa a gida?

A ɗaure dabbar sosai, a ɗaga ƙafar da igiya, a wanke ta tas. A duba tsakanin yatsu, a bi farin layin, a taɓa a ji ko akwai zafi. Cire ƙaya ko tsakuwa kowa zai iya. Datsewa kuwa sai gwani, domin wuƙa ta zarce kaɗan ta taɓa nama, sa ya yi makonni ba ya huɗa. Idan kumburi ya hau sama, ko ruwa yana fita ta layin gashi, ciwon yana iya kaiwa gaɓa, a nemi malamin dabbobi ko a kai asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Idan shanu da yawa suka fara ɗingishi lokaci guda suna dalalar miyau fa?

A zargi boru, wato ciwon baki da ƙafa. Ƙuraje ne ke fitowa a harshe, da layin gashi, da tsakanin yatsu. Yana yaɗuwa da sauri, don haka a ware waɗanda suka kamu, kada a kai su kasuwa ko mashayar jama'a, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.