Ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa: ta shafi mai burtsatse, ta shafi ɗan garuwa

A Kano in ɗan garuwa ya juye jarka a randa, abin da uwargida take dubawa shi ne ko ruwan ya yi garau, ba wari, ba gishiri-gishiri. Doka ba ta tsaya nan ba. Tun 2007 Najeriya take da ƙa'idar ingancin ruwan sha mai lamba NIS 554, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa (SON) ta fitar, aka sabunta ta a 2015. Ta zayyana abin da aka yarda ya kasance cikin ruwan da za a sha, da iyakar da ba za a wuce ba.

Mutane da yawa suna ɗauka hukumar ruwa ta jiha kaɗai ta shafa, wato ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa da Challawa. Ba haka ba ne. Ta haɗa da masu tankar ruwa, da 'yan garuwa masu tura kura, da burtsatsen unguwa, har da rijiyar cikin gida. Fiya wata da ruwan gora ne suke da nasu tsarin daban a hannun NAFDAC.

Ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya taɓa ruwa, ko ɗaya ba a yarda a samu ba cikin mililita 100. Tsamin ruwa, a ma'aunin pH, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Sinadarin naitiret kada ya haura miligiram 50 a lita. Yana shiga rijiya ne daga masai da takin zamani, kuma jarirai yake fi yi wa illa. Duk wanda ya san yadda rijiya da masai suke maƙwabtaka a lungunan cikin birni ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kiromiyam, wanda masana'antun jima suke amfani da shi, iyakarsa miligiram 0.05 a lita, kuma shi ya sa dattin da ke fitowa daga Sharaɗa da Challawa da Bompai ya zama abin sa ido.

Inda na fi so a tsaya a lura shi ne dalma da arsenik, wani sinadari mai guba. Iyakar kowannensu miligiram 0.01 ce a lita, wato giram ɗaya tak a lita 100,000. Me ya kawo wannan tsanani? Abin da ya faru a birnin Antofagasta na ƙasar Chile ya isa amsa. A 1958 aka jawo wa birnin ruwa daga kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Andis. Arsenik ɗin da ke ciki daga duwatsun yankin ya fito, ba wata masana'anta ce ta zuba ba, kuma ya ninka iyakar da muke magana fiye da sau 80. Haka mutane suka sha har wajen 1970 kafin a kafa matatar da ke cire shi. Shekaru bayan haka ciwon dajin huhu da na mafitsara ya yi ta cin waɗanda suka sha, har da waɗanda suka sha shi suna yara. Arsenik ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano.

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, alam yana kwantar da laka, amma tafasawa ba ta cire dalma ko arsenik, naitiret ma ƙara yawa yake in ruwa ya ƙone. Ɗakin gwaji ne kaɗai zai faɗa maka abin da ke ciki.

Sa ido a kan wannan ƙa'ida aikin ma'aikatar lafiya ne, sai dai burtsatse ta yi yawa a Kano, kullum ana haƙa sabuwa. A ganina, duk mai sayar wa 'yan garuwa ruwa ya kamata ya kai shi gwaji, ya liƙa takardar sakamakon kusa da famfonsa, mai unguwa da masu saye kuma su riƙa tambayarsa ita.